Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Baƙo Ke Samun Gurbi a Holan



Ƙasar Holan ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Atamfar nan da ake ji da ita a lefe, a garin Helmond ake buga ta, a masana'antar Vlisco da ke tsaye tun 1846. Madarar Peak da mai shayi ke tsiyaya maka da safe, asalinta can ne. Masu son ƙwallo kuwa ba su manta da Tijjani Babangida ɗan Kaduna a Ajax ba, balle Ahmed Musa da ya tashi daga Kano Pillars ya sauka a VVV-Venlo a 2010 yana ɗan shekara 18. Kayansu dai mun san su. Yau zancen zama da su za mu yi, domin 'ya'yanmu na zuwa karatun noma a Wageningen, suna zuwa karatun ruwa a Delft, wasu aure ke kai su, wasu kuma gudun hijira. Idan mutum ya sauka, ta wace ƙofa yake shiga cikin jama'a?

Zancen takardu ba ya da wuyar bayani. Wanda zai zauna fiye da wata huɗu, doka ta ce ya je ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana biyar ya yi rajista. A nan za a ba shi lambar ɗan ƙasa da ake kira BSN, wadda in babu ita albashi da asibiti da haraji duk sai sun gagare shi. Ya yanki inshorar lafiya, ya nemi likitan unguwa ya rubuta sunansa. Cikin 'yan makonni ya gama. Daga nan ne ainihin wuyar ke farawa, kuma ita ba ofishin da ke maganinta.

Maƙwabci zai gaishe ka da fara'a a bakin ƙofa. Zai karɓar maka saƙo idan ba ka nan. Amma sai ku shekara ba ka ga cikin falonsa ba, sai dai ta taga, don yawancinsu ba sa rufe labule. Idan ka ce masa ku sha shayi, sai ya ciro waya ko ɗan littafin alƙawura ya duba, ya ce maka ranar Alhamis ta makon jibi da ƙarfe uku ta yi masa. Idan tsautsayi ya sa ka faɗa gidan mutum ƙarfe shida na yamma ba sanarwa, lokacin cin abincin dare ke nan, kuma an dafa ne daidai bakin masu gida. Ana iya gaya maka cikin ladabi cewa za su ci abinci, ma'ana ka tashi. Idan kuka fita cin abinci da abokin aiki ya biya, kafin ka isa gida saƙon manhajar neman biyan kuɗi ta Tikkie ya shigo wayarka, yana neman kasonka har da 'yan sulalla. Mutumin da ya tashi inda ake cewa baƙonka annabinka, wannan yana yi masa ciwo, kuma ba na raina ciwon. Har sarauniyarsu Máxima, wadda 'yar Ajantina ce, a wani jawabi da ta yi a 2007 tun tana gimbiya, ta ambaci biskit ɗaya tak da ake miƙo wa baƙo, ko da yake a wuri guda ta yabi karamcinsu. Binciken da ƙungiyar InterNations ke yi kowace shekara tsakanin ma'aikata baƙi ya sha sanya Holan can ƙasa wajen sauƙin yin abokai.

Da yawa a nan suke yanke hukunci, su ce mutanen nan ba sa son baƙi, su koma su rufe ƙofa. Ina ganin an yi gaggawa. Baƙon yana tsaye ne a ƙofar gida yana jira a ce masa bismilla, alhali mutanen nan hulɗarsu a wani wuri suke yin ta. Kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku. Da ganuwar tare ruwa da injinan zuƙe ruwa ake riƙe da ita. Tun ƙarni na 13 manoman yankin suka kafa majalisun kula da ruwa, kowa da yankin ganuwar da ke wuyansa. Idan mutum ɗaya ya yi sakaci da nasa, gonar kowa ce za ta nutse. Majalisun suna nan har gobe, guda 21, da zaɓensu da harajinsu. A daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairun 1953 teku ta fasa ganuwa a kudu maso yamma, mutum 1,836 suka mutu, kuma akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Jama'ar da ta taso a haka, tambayar farko da take yi wa sabon zuwa ita ce, wane ɓangaren aikin za ka riƙe? Wanda ya san aikin gayya ya san wannan: ba a kallon yawan gaisuwarka, ana kallon ko ka fito da fartanyarka ranar da aka kira.

Sai kuma wani tarihin. Daga ƙarshen ƙarni na 19 har wajen shekarun 1960, jama'ar Holan a rabe take rukuni-rukuni: 'yan Katolika, 'yan Furotesta, 'yan gurguzu masu sassauci, da 'yan libaral. Kowane rukuni da makarantarsa, da jaridarsa, da gidan rediyonsa, da ƙungiyar ƙwadagonsa, har da kulob ɗin ƙwallonsa. Ana haifar mutum a cikin rukuni, ya yi aure a ciki, a binne shi a ciki. Rukunan sun rushe, yau fiye da rabin mutanen ƙasar ba sa danganta kansu da wani addini. Amma ɗabi'ar yin komai ta hanyar ƙungiya ba ta tafi ba. Ƙungiyar ƙwallo, ta waƙa, ta masu lambu, ta masu tuƙa kwalekwale, ta iyayen yara, ta mazauna layi. Kowacce da shugaba da ma'aji da magatakarda da taron shekara. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar kaɗai tana da mambobi wajen miliyan 1.2 a kulob kusan 3,000, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 18 a 2024. Alƙaluman hukumar ƙididdiga na nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna yin aikin sa-kai aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga inda zumuncinsu yake.

Bari in kai ka filin wani ƙaramin kulob ranar Asabar da safe, mai sauraro. Ƙarfe takwas da rabi, ana yayyafi, sanyi na ratsa ƙashi. Yara 'yan shekara tara suna ta guje-guje. Mai horar da su ba a biyansa ko sisi, uban ɗaya daga cikinsu ne, ranar Litinin direban bas ne ko likitan haƙori. Alƙalin wasan wani matashi ne daga cikin manyan yaran kulob ɗin. A cikin kanti wata uwa tana zuba kofi tana soya dankali, domin yau layi ya zo kanta. A jikin bango, ko a zauren WhatsApp na iyaye, akwai jadawalin karɓa-karɓa: wane zai kwashi yara a motarsa zuwa wasan waje, wance za ta tafi da jakar jesi ta wanke, wane zai tsaya kanti. Ranar da ka rubuta sunan ɗanka a kulob ɗin, kai ma sunanka ya hau wannan jadawali, ko ka sani ko ba ka sani ba.

To a nan ake rabuwa. Wani uban yakan sauke yaro a bakin ƙofa ya juya, sai an tashi ya dawo. Ba mugunta ba ce, wataƙila aikin dare ya kwana yi, wataƙila kunyar harshe ke damunsa, wataƙila ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kuɗin rajista bai sauke masa nauyi ba. Su kuwa sauran iyayen suna lura, kuma suna ƙullata, su ce waɗannan amfani kawai suke ci. Wani uban kuma yakan tsaya a bakin fili cikin ruwan. Makon farko ba wanda zai ce masa komai sai gaisuwa. Ranar da ya dawo da jakar jesi a wanke a ninke, ko ya riƙe tuta a gefen fili, sai a fara kiran sunansa. Bayan wata uku wani zai tambaye shi aikin da yake yi. Bayan shekara, wani zai ce masa ana neman mutum a wurin aikinsu, ko ƙanwarsa za ta bar gidan haya. Gayyatar shiga falo da yake ta jira tun farko, sai a lokacin take zuwa. Kuma idan ɗan Holan ya sa ka cikin littafin alƙawuransa, ba ya saɓawa.

Makarantar firamare ma haka take. Ana neman iyayen da za su raka yara yawon buɗe ido, da masu zuwa su saurari karatun yara. Akwai ma iyayen da aikinsu shi ne, duk bayan hutu, su zo da mataji su duba kan kowane yaro ko akwai ƙwarƙwata. Aiki ne da ba wanda zai yi alfahari da shi, amma uwar da ta karɓe shi, cikin zango ɗaya ta san kowane yaro da uwarsa da malamarsa. Wannan sanin yana da rana. A aji na takwas, yaro na wajen shekara 12, makaranta ke ba da shawarar irin sakandaren da zai shiga, ko ta sana'a ko wadda ke kaiwa jami'a, kuma an daɗe ana kuka cewa ana raina ƙwazon 'ya'yan talakawa da na baƙi a wannan mataki. Uwar da ta saba shiga makaranta ta fi ƙarfin bakin cewa ba ta yarda ba.

Idan aka gayyace ka bikin ranar haihuwa, ka je, don babbar alama ce. Za ka tarar an jera kujeru zobe guda a falo. Ka bi kowa ka gaisa, kuma ba mai bikin kaɗai ake yi wa barka ba, har uwarsa da matarsa da maƙwabcinsa. A ba ka kofi da yankan kek ɗaya, can an jima a zagayo da gutsattsarin cuku. Za a yi maka tambayoyi kai tsaye, irin waɗanda mu sai an yi kwana-kwana: me ya kawo ka, yaushe za ka koma, me ya sa matarka ke rufe kai. Wasu da ƙyashi suke yi, amma akasari son sani ne, kuma sun fi ganin girman wanda ya amsa kai tsaye. A wajensu kewaye-kewaye alamar ɓoye wani abu ne. Idan ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, faɗa tun farko. Za a kawo maka lemo, magana ta ƙare. Na san wannan yana hana Musulmi da yawa zama a kantin kulob bayan wasa, ko zaman da ma'aikata ke yi ranar Juma'a da yamma, kuma kowa ya san iyakar da addininsa ya sa masa. Amma wanke jesi da safe da tuƙa yara ba su da haɗi da kwalba.

Sai harshe. Mutanen Holan suna cikin waɗanda suka fi kowa iya Ingilishi a ƙasashen da ba harshensu ba ne, kuma wannan alheri yana zame wa baƙo tarko. Da ka fara haɗa jimla cikin harshensu kana tuntuɓe, sai mai kanti ya juya maka Ingilishi don ya sauƙaƙa maka. Ɗan Najeriya ko ɗan Gana sai ya shekara goma yana aiki, yana cefane, bai taɓa buƙatar harshen ba. Amma taron iyaye da harshen gari ake yi, raha a bakin fili da shi ake yi, wasiƙar hukumar haraji da shi take zuwa. Magani yana nan kusa kuma kyauta ne. Ɗakunan karatu na gari suna shirya zaman hira na mako-mako don masu koyo, kuma akwai dubban 'yan sa-kai, da yawansu tsofaffin da suka yi ritaya, da ake haɗa kowannensu da baƙo ɗaya su riƙa haɗuwa suna hira. Sau da yawa wannan tsoho ko tsohuwa shi ne ɗan gari na farko da baƙo ke shiga gidansa.

Keke ma harshe ne a can, kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. A kudu maso gabashin Amstadam wata 'yar Gana da aka fi sani da Mama Agatha ta yi shekaru tana koya wa mata baƙi hawan keke, har aka yi fim a kanta a 2015. Matar da ta iya keke ta daina jiran miji ya kai ta kasuwa ko asibiti ko aji. Haka iyo. Ƙasa ce ta magudanan ruwa ko'ina, yaransu na karɓar shaidar iya iyo mataki uku, har da gwajin faɗawa ruwa da tufafi a jiki. Alƙaluma sun daɗe suna nuna cewa 'ya'yan baƙi sun fi nutsewa. Wanda ba shi da hali, akwai asusun da ke biya wa yaran marasa ƙarfi kuɗin wasanni da na iyo, ta hannun makaranta ko ma'aikatan jin daɗin jama'a ake nema.

Kada mai sauraro ya ɗauka duk nauyin a kan baƙo na ɗora shi. Hukumar ƙasar tana da nata laifin, kuma babba ne. A 1964 Holan ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata da Turkiyya, a 1969 ta ƙulla da Maroko. An kawo su masana'antu da ma'adinai da tashar jiragen ruwa, ana kiransu ma'aikata baƙi, bisa zaton baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. Ba a damu da koya musu harshe ba. Ba su tafi ba, suka ɗauko iyalansu. Wajen 1975, da Suriname ta sami 'yanci, mutanenta suka yi ta kwararowa. Sai a 1998 aka yi dokar farko da ta wajabta wa sabon zuwa koyon harshe da sanin ƙasa, abin da suke kira inburgering. Tsakanin nan an yi asarar shekara talatin, sannan aka juyo ana zargin mutanen da ba a koya wa ba da cewa sun ƙi koyo.

Daga nan iska ta juya. A farkon 2000 marubuci Paul Scheffer ya wallafa maƙalar da ta ce zaman al'adu barkatai ya gaza. A 2002 aka kashe ɗan siyasa Pim Fortuyn, a 2004 wani matashi ɗan asalin Maroko haifaffen Amstadam ya kashe mai shirya fim Theo van Gogh a kan titi. Dokoki suka yi ta tsauri. Tun 2006, duk mai zuwa wajen miji ko mata daga ƙasashe irin namu sai ya ci jarrabawar harshe a ofishin jakadanci kafin ya taso. A 2013 aka ce kowa ya nemi makarantarsa da kansa, ya ci bashin gwamnati har yuro 10,000 ya biya, in bai ci jarrabawa cikin shekara uku ba, a ci shi tara. Ka duba fa, mutumin da bai iya karanta allon titi ba aka ce ya shiga kasuwa ya tantance makarantar kirki da ta 'yan damfara. Makarantun bogi suka yi ta cin kuɗin. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta soki tsarin a 2017. A farkon 2022 aka dawo da ragamar hannun ƙananan hukumomi, kowane sabon zuwa a zauna da shi a tsara masa hanyarsa, aka kuma ɗaga matakin harshen da ake nema. A Fabrairun 2025 kotun Tarayyar Turai, a ƙarar wani ɗan Eritiriya, ta ce bai halatta a riƙa cin 'yan gudun hijira tara haka kawai don sun faɗi jarrabawar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman jira. Mai neman mafaka yana fara sauka ne a sansanin Ter Apel, can arewa maso gabas. A Agustan 2022 ɗaruruwan mutane suka yi ta kwana a waje a bakin ƙofarsa, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta kai ɗauki, karo na farko da ta yi aiki a cikin Holan. Daga nan sai a yi ta yawo da mutum daga sansani zuwa sansani, shekara ɗaya, shekara biyu. Yaya za ka shiga jadawalin kulob alhali ba ka san garin da za ka kwana wata mai zuwa ba? Har zuwa Nuwamban 2023, da babbar kotun gudanarwa ta soke ƙa'idar, mai neman mafaka ba ya aiki fiye da mako 24 a shekara. Ga kuma gwaji a fili: 'yan Yukren fiye da 100,000 da suka zo daga 2022, an ba su damar aiki nan take, kuma kafin shekara biyu fiye da rabin waɗanda suka isa aiki suna aiki. Ba wai sun fi 'yan Siriya ko 'yan Eritiriya zuciya ba ne. An buɗe musu ƙofa da wuri ne.

Inda aka gwada haɗa mutane tun farko, an ga amfani. A 2016 aka buɗe wani rukunin gidaje a Amstadam mai suna Startblok Riekerhaven, matasa 565, rabi 'yan gudun hijirar da aka ba izinin zama, rabi 'yan gari, ɗaki kusa da ɗaki, su ne kuma ke kula da wurin da kansu. Ba a rasa rigingimu ba, har gobara ta cinye wani sashe a 2022. Amma dabarar daidai take, domin ta bi ɗabi'ar ƙasar: a ba mutum aiki tare da ɗan gari. Matsalar ita ce ƙasar na fama da ƙarancin gidaje wajen 400,000, a Amstadam mutum kan jira gidan haya mai rahusa fiye da shekara goma, saboda haka duk gidan da aka ba baƙo akwai ɗan garin da ke ganin nasa aka ɗauka. A kan wannan ɓacin rai jam'iyyar Geert Wilders ta hau ta zo ta ɗaya a zaɓen Nuwamban 2023 da kujeru 37 cikin 150, ta shiga gwamnatin haɗaka, kuma a kan batun mafaka ya janye ta ya rusa gwamnatin a Yunin 2025.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Wani ya yi duk abin da na lissafa. An haife shi a Utrecht, harshen garin ne harshensa, ya wanke jesi, ya gama jami'a, amma idan ya aika takardar neman aiki da suna Muhammad ko Fatima, amsar da yake samu ba ta kai ta mai suna Jan ba. An gwada wannan sau da dama da takardu iri ɗaya, suna kawai aka canza. Masana zamantakewa a ƙasar sun lura cewa waɗanda suka fi ilimi da cuɗanya cikin 'ya'yan baƙi su ne suka fi jin ba a karɓe su ba, don su ne ke zuwa inda ake tura su baya. Badaƙalar tallafin renon yara ta tabbatar musu da zarginsu: hukumar haraji ta tuhumi dubban iyaye da zamba ba da hakki ba, ta tilasta musu mayar da maƙudan kuɗi, gidaje suka watse, kuma riƙe fasfo biyu na cikin abin da aka yi amfani da shi wajen zaɓo waɗanda za a bincika. Gwamnatin Mark Rutte ta sauka a kan haka a Janairun 2021. Irin wannan mutum, ba ni da bakin ce masa ya ƙara ƙoƙari. Saura ya rage wa masu gari.

Duk da haka ƙasar ce ta ba Ahmed Aboutaleb, ɗan limamin wani ƙauye a tsaunukan Rif na Maroko, wanda ya zo yana ɗan shekara 15, riƙon birnin Rotadam daga 2009 zuwa 2024. Ita ce ta sa Khadija Arib, wadda ita ma tana 'yar shekara 15 ta zo daga Maroko, ta shugabanci majalisar wakilai daga 2016 zuwa 2021. Mutum biyu ba sa wanke abin da aka yi wa dubbai, amma suna nuna cewa ƙofar tana buɗuwa.

Wasu 'yan siyasar can suna ganin masallaci da cocin baƙi da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ne ke hana cuɗanya. Ban yarda ba. Je ka unguwar Bijlmer a Amstadam, inda 'yan Suriname da 'yan Gana da 'yan Najeriya suka taru. Sabon zuwa a can yake samun ɗakin kwana na farko, da mai raka shi ofis, da wanda zai karanta masa wasiƙa, da inda zai sayi doya da manja. Ranar 4 ga Oktoban 1992, da jirgin dakon kaya na El Al ya faɗa kan benayen unguwar, mutum 43 suka mutu a ƙidayar hukuma, coci-coci da ƙungiyoyin nan na cikin waɗanda suka riƙe mutane. Bikin Kwaku da ake yi duk bazara, wanda yanzu ke jan dubban jama'a har da Turawan gari, a 1975 ya fara a matsayin gasar ƙwallon yaran unguwa. Kuma ƙasar da ta ginu a kan rukuni-rukuni, wadda tsarin mulkinta tun 1917 ya ce gwamnati ta ɗauki nauyin makarantun addini daidai da nata, har aka buɗe firamaren Musulunci na farko a Rotadam da Eindhoven a 1988, bai kamata ta ga baƙon abu ba idan mutane suka jingina da nasu. Haɗarin kawai shi ne mutum ya shiga cikin 'yan uwansa ya miƙe ƙafa, shekara ashirin bai san sunan maƙwabcinsa ba. Masallatan da ke kiran maƙwabta da 'yan sandan unguwa buɗa-baki a watan azumi sun gane haka.

Ga ɗalibin da zai tafi Wageningen ko Delft, ko amaryar da ke shirin jarrabawar ofishin jakadanci, ga ranakun da ya kamata a sa wa ido. Ranar 27 ga Afrilu, ranar haihuwar Sarki, an yarda kowa ya shimfiɗa tabarma a titi ya sayar da abin da ya ga dama ba lasisi, kuma mai tiren sambusa ko tsire ba ya rasa masu tsayawa su yi hira. Ranar 4 ga Mayu da ƙarfe takwas na dare ƙasar gaba ɗaya kan yi shiru na minti biyu don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, har jiragen ƙasa na tsayawa, a kiyaye kada a ɗaga murya a lokacin. A ƙarshen Satumba akwai ranar maƙwabta, wadda aka fara a 2006, ana fitowa a share layi, a dasa furanni, a sha kofi tare. Takardar sanarwar takan shigo ta ramin wasiƙun ƙofa, a cikin tarin tallace-tallace, da lambar wayar wanda ke tattara sunayen masu taimakawa a ƙasanta. A nemi mai karanta ta, a buga lambar.